BABI NA HUƊU: AMSHI A FAYA-FAYAN ƘUNGIYAR TRAFFIC

4.0 Gabatarwa

A wannan babi za a feɗe faya-fayan ƙungiyar makaɗan nan ta ƙasar Ingila mai suna Traffic, wadda samari huɗu suka kafa a birnin Bamingam cikin shekarar 1967, ta kuma watse a ƙarshen 1974. Samarin su ne Steve Winwood, wanda shi ne jagora, yana rera waƙa yana kuma kaɗa ogan da fiyano da jita. Da Jim Capaldi mai ganguna, wanda shi ke tsara kalmomin yawancin waƙoƙin. Da Chris Wood mai busa sarewa da saksofon. Sai Dave Mason mai jita.

Hanyar nazarin waƙar baka da aka saba bi, kamar yadda Gusau (1993) ya shimfiɗa ta, takan bi salsalar waƙa da jigonta da zubi da tsarinta da kuma salonta. Da aka gwada wannan hanya a kan waƙoƙin Traffic sai aka ci karo da wata matsala. Waƙar da ta kai minti 11 sai a tarar kalmominta ba su cika kashi ɗaya cikin uku ba, wata kuma babu kalma ko ɗaya a cikinta. Wanda ya tsaya a kan jigo kawai zai gama aikinsa cikin shafi biyu, alhali bai taɓo abin da ya sa mutane suka sayi faya-fayan ba. Saboda haka aka zaɓi abu ɗaya daga cikin zubi da tsarin waƙar baka ta Hausa, wato amshi, aka auna faya-fayan da shi. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, waƙoƙin wannan ƙungiya suna yin armashi ne a inda makaɗan suke amsa wa juna, suna kuma lami a inda amshin ya ɓace.

4.1 Abin da Ake Nufi da Amshi a Nan

A wajen Alhaji Mamman Shata, 'yan amshi sukan maimaita gindin waƙa ne bayan kowane ɗa, suna kaɗa kalangai. A wajen Ibrahim Narambaɗa kuwa aikinsu ya wuce nan, domin sukan karɓi magana daga bakin jagora su ƙarasa ta, har su yi ƙari. To amma akwai makaɗan da ba baki ne ke amsa masu ba. Ɗan Maraya Jos ba shi da 'yan amshi, kuntiginsa ne ke cike wurinsu. Haka wanda ya saurari Haruna Uji na Haɗeja zai ji cewa da zarar ya ajiye magana sai gurmin ya ɗauka. A wajen gayya a ƙasar Miga ma haka abin yake: mai gangar noma ya kaɗa taken wani ƙaƙƙarfan manomi, shi kuma ya ɗaga fartanya ya yi kirari, kirarin nan ya sa makaɗin ya canja hannu.

Bisa ga wannan, a wannan babi za a ce an yi amshi idan jagora ya bar gurbi, wani ya ji abin da ya faɗa ya cike gurbin, kuma amsar ta yi tasiri a kan abin da jagoran zai yi a gaba. Ko da baki aka amsa ko da sarewa, duk ɗaya ne.

4.2 Faya-fayai Biyu na Farko

Bayan kafa ƙungiyar, sai samarin suka bar birni suka tare a wani ɗan gida a ƙauyen Aston Tirrold, inda suke kwana suna tashi suna kiɗa tare. A wannan zama ne Winwood da Capaldi da Wood suka saba da tsiro da waƙa daga cikin kiɗa, wato a yi ta kaɗawa har wani rauji ya fito, sannan a nema masa kalmomi. Mason shi kaɗai yake tsara tasa waƙar, ya kawo ta a gama, ya nuna wa kowa abin da zai kaɗa. Wannan bambanci shi ya sa ya yi ta fita yana dawowa, kuma kunne yana iya jin sa a faifan Mr. Fantasy na watan Disamba 1967 da faifan Traffic na 1968.

Lokacin nan kiɗan saikedelik ne ake yayi a Ingila da Amurka, wato kiɗan da ke kwaikwayon halin wanda ya sha ƙwayar LSD, ya riƙa ganin abubuwa kamar a mafarki. Waƙar Mason mai suna “Hole in My Shoe”, wadda ta kai matsayi na 2 a jerin waƙoƙin da aka fi saye a Ingila a 1967, ita ce babban misali. An cika ta da sita irin ta Indiya, da muryoyin na'ura, da wata yarinya da ke ba da labarin hawa bayan ƙaton tsuntsu. Ado ne a kan ado, babu gurbin da aka bar wa kowa, don haka babu mai amsa wa wani. Sauran ukun ma ba su so waƙar ba duk da kuɗin da ta kawo. A ganin mai wannan nazari suna da gaskiya, domin ita ce waƙarsu da ta fi saurin tsufa.

Idan aka koma ga “Dear Mr. Fantasy” sai a ga akasin haka. Jigonta roƙo ne da jama'a ke yi wa makaɗi ya kaɗa masu abin da zai yaye masu baƙin ciki, ba tare da sun damu da nasa ba, abin da kowane maroƙin Hausa zai gane. Kalmomin kaɗan ne, ana maimaita su kamar gindi. Da Winwood ya ajiye murya sai jita ta ɗauka, gangunan Capaldi su ƙara zafi, zafin nan ya tura jitar gaba. Haka kuma a “Forty Thousand Headmen” ta faifai na biyu, sarewar Wood ce ke bin muryar a baya tana ƙarasa mata magana, kusan yadda yaran Narambaɗa suke yi. Ya kamata a yi wa Mason adalci a nan: “Feelin' Alright?” tasa ce, kuma tana da gindi mai kama kunne, shi ya sa Joe Cocker ya sake rera ta a 1969 ta yi farin jini. Sai dai wannan ya nuna cewa waƙar ba ta buƙatar Traffic, kowace ƙungiya za ta iya ɗaukar ta.

Faifan Last Exit na 1969 tarkace ne da kamfanin Island ya haɗa bayan ƙungiyar ta watse karo na farko, ba za a tsaya a kansa ba.

4.3 John Barleycorn Must Die (1970)

Salsalar wannan faifai tana da amfani ga abin da ake magana a kai. Bayan Winwood ya yi ɗan zama a ƙungiyar Blind Faith tare da Eric Clapton da Ginger Baker a 1969, sai ya shiga situdiyo don ya yi faifan kansa. Ya fara da waƙoƙi biyu, “Stranger to Himself” da “Every Mother's Son”, inda shi ya kaɗa kusan dukkan kayan kiɗan, ana ɗaukar wannan a ɗora a kan wancan. Daga baya ya kira Capaldi da Wood, aikin ya koma na Traffic. Ke nan faifai ɗaya ya haɗa waƙoƙin kaɗaita da na ƙungiya, kuma ana iya gwada su.

Waƙoƙin nan biyu ba su da aibi ta fuskar gwaninta. Amma wanda ya kaɗa jitar shi ne wanda ya yi waƙar, ya riga ya san abin da zai zo, babu abin da zai ba shi mamaki. Za a iya cewa ai Ɗan Maraya ma shi ke amsa wa kansa. Bambancin shi ne Ɗan Maraya a lokaci guda yake yin duka biyun, a gaban jama'a, yatsansa na iya sa bakinsa ya canja hanya. A situdiyo kuwa an riga an ɗaure kashi na farko a kan tef, ba ya motsi, komai na biyu ya ce masa.

Da aka zo kan “Glad”, wadda ta buɗe faifan, sai abin ya canja. Kusan minti 7 ne babu kalma. Fiyano ya kafa wani gajeren rauji yana maimaita shi, wannan shi ne gindi; saksofon ya shigo ya kawo ɗiya; a dawo gindi; daga ƙarshe kiɗan ya lafa, ya zarce cikin “Freedom Rider” ba tare da an tsaya ba. A nan ne jaz ya fito sosai a kiɗansu, domin a jaz ma ƙa'idar ita ce a kafa gindi sannan kowa ya ƙirƙiri nasa a kai nan take.

Waƙar da faifan ya ci sunanta ita ta fi cancanta a daɗe a kanta. Ba Traffic suka ƙirƙire ta ba, tsohuwar waƙar baka ce ta manoman Ingila da Sikotilan mai ɗaruruwan shekaru, kuma Wood ne ya kawo wa 'yan'uwansa ita. Salonta mutuntarwa ne daga farko har ƙarshe. An ɗauki sha'ir aka mai da shi mutum mai suna John, wasu mutum uku suka yi rantsuwa sai sun kashe shi. Suka yi huɗa, suka binne shi, suka rufe shi da ƙasa, suka tabbata ya mutu. Da ruwa ya sauka sai ya ɗago kai, ya girma har ya yi gemu. Aka ɗauko 'yan ƙodago suka sare shi a gwiwa, aka ɗaure shi a kan amalanke, aka yi masa dukan da ya raba fata da ƙashi, mai niƙa ya murƙushe shi tsakanin duwatsu biyu. Bayan duk wannan azaba sai ya zama shi ne mai ƙarfi, domin ya koma giya, yana kayar da waɗanda suka kayar da shi.

Manomin alkama a fadamar kogin Haɗeja ba ya buƙatar a yi masa bayanin gemun nan, yana ganin sa a zangarniya kowane rani. Matakan ma nasa ne: huɗa da shuka da girbi da ɗaurin dami da sussuka da niƙa. Babban jigon waƙar noma ne, ƙaramin jigonta giya, kuma an ɓoye na biyu a cikin na farko har sai a ɗiyan ƙarshe. A nan ta bambanta da “A Sha Ruwa” ta Shata, wadda tun daga gindinta ta bayyana inda ta dosa. Ita wannan ba ta zuga mashayi ba, ba ta kuma yi masa wa'azi ba, ta nuna dai wanda ya yi nasara.

Ta fuskar tsari, waƙar ba ta da gindi tsayayye da ake komawa gare shi bayan kowane ɗa. Sarewar Wood ce ta zauna a wannan gurbi. A farko a hankali take amsawa, kamar mai jin labari. Yayin da azabar John ke ƙaruwa sai ta riƙa hawa tana tsawaita, muryar Capaldi kuma ta shigo ta yi wa ta Winwood rakiya. Babu jitar lantarki, babu ado. A ra'ayin wannan nazari, a duk faya-fayan ƙungiyar babu inda amshi ya cika sharuɗɗansa kamar nan. Abin lura kuma shi ne, faifan da ya dogara da waƙar manoma shi ya kai matsayi na 5 a Amurka, matsayin da babu wani faifansu da ya wuce shi a can.

4.4 Shigowar Gangar Afirka

Daga ƙarshen 1970 zuwa 1971 ƙungiyar ta faɗaɗa. Ric Grech ya riƙe jita mai babbar murya, Ba'amurke Jim Gordon ya karɓi ganguna, Capaldi ya koma gaba yana waƙa. Aka kuma ɗauki Rebop Kwaku Baah, mutumin Konongo ta ƙasar Gana, wanda suka haɗu da shi a Suwidin, yana kaɗa konga, wato dogayen ganguna masu baki ɗaya da ake bugawa da tafin hannu. Wannan ba baƙon abu ba ne a lokacin. A 1970 Winwood da Wood sun yi kiɗa tare da Remi Kabaka a ƙungiyar Air Force ta Ginger Baker. Shi Baker ya ratsa Sahara da mota a 1971 ya sauka Legas wajen Fela. Ƙungiyar Osibisa kuma tana tashe a Landan.

Faifan The Low Spark of High Heeled Boys na watan Nuwamba 1971 shi ne amfanin wannan haɗuwa. Waƙar da ta ba shi suna ta wuce minti 11. Daga nesa take tasowa, kamar kiɗan da ake jiyowa daga wata unguwa kafin a isa dandalin. Fiyano da babbar jita suna ta juya rauji ɗaya, ba su gajiya, saksofon yana shiga yana fita. Jigonta zambo ne ga 'yan kasuwar kiɗa masu cin gumin makaɗa. Irin wannan maimaici ba zai dami kunnen Bahaushe ba, domin a kansa aka gina kiɗan garaya da na goge. Haka “Rainmaker”, wadda ta rufe faifan, roƙon ruwa ce manomi yake yi don shukarsa ta tashi. Ta fara da sarewa da muryoyi a haɗe cikin sanyi, daga baya aka ajiye kalmomi, kiɗa ya yi zafi, a nan ne aka fi jin hannun Rebop.

Tambayar da ya kamata a yi ita ce, wane matsayi aka ba wannan ganga? A lokacin tattara bayanai an kunna wa wani dattijo mai gangar noma a Miga waɗannan waƙoƙi biyu. Ya yaba wa mai busa sarewar ƙwarai. Game da mai kongar kuwa, cewa ya yi yaron yana da hannu, amma gangarsa ba ta ce komai ba. Abin da yake nufi a fili yake. A wajensa ganga takan kira sunan mutum, ta yi masa take, ya ji ya amsa. Kalangu yana bin hawa da saukar muryar Hausa har a gane maganarsa. Mutanen Rebop ma, wato Akan, suna da ganguna masu magana da ake kira atumpan. Amma ba su ya kawo Ingila ba. Konga a ƙasar Kyuba ta samu siffar da take da ita yanzu, kuma ta hanyar kiɗan Latin da jaz ta shiga kunnen Turawa.

Hukuncin dattijon yana da tsauri, domin ba a neman ganga ta yi Turanci. Duk da haka ya taɓo wani abu na gaskiya idan aka auna da ma'aunin wannan babi. Rebop yana jin abin da sauran suke yi, yana kuma cike gurbi, sharuɗɗa biyu ke nan. Na uku ne ba a samu ba. Da wuya a nuna wurin da kongar ta ce wani abu har Winwood ya canja hanya saboda ita, kamar yadda yake yi wa sarewar Wood. Idan aka cire sarewa daga “John Barleycorn” waƙar ta rushe. Idan aka cire konga daga “Low Spark” za ta rage ɗanɗano, amma tana nan tsaye. Daɗin daɗawa, duk da cewa an rubuta sunansa tare da na sauran shida a bangon faifan Welcome to the Canteen na 1971, babu waƙa ko ɗaya a faya-fayan Traffic da aka ce da shi aka tsara ta. Matsayinsa ya fi kama da na mai kaɗa kuntukuru a bayan manyan kalangai.

Ba wai Winwood bai iya zama ɗan amshin makaɗan Afirka ba ne. A 1973 ya yi faifan Aiye-Keta tare da Remi Kabaka da Abdul Lasisi Amao, inda ganguna ke gaba shi yana biye. Amma wannan a wajen Traffic aka yi shi, kuma bai yi kasuwa irin tasu ba. Shi ma Rebop sai a nasa faya-fayan ya samu ya ja gaba, musamman Trance na 1977 wanda ya yi da makaɗan Ginawa na Maroko.

4.5 Faya-fayan Ƙarshe

A faifan Shoot Out at the Fantasy Factory na 1973, an kawo ƙwararrun Amurkawa biyu daga situdiyon Muscle Shoals, David Hood da Roger Hawkins. Kiɗansu ba ya kuskure, amma sana'arsu ita ce raka duk mawaƙin da aka kawo masu, ba su tashi a ƙauyen Aston Tirrold ba. “Roll Right Stones” ta yi tsawon “Low Spark” ba tare da ta yi nauyinta ba. A faifan On the Road, wanda aka ɗauka a gaban jama'a a Jamus a wannan shekara, “Glad” da “Freedom Rider” sun cinye kusan minti 20. A nan kowa jiran layinsa yake yi, idan ya zo kansa ya nuna gwaninta ya koma gefe. Wannan karɓa-karɓa ce, ba amshi ba. Sunan waƙar da ta rufe Shoot Out ma, wadda a cikinta mawaƙin ke kukan cewa wani lokaci basira takan ƙafe masa, ya zama kamar shaida a kan faifan.

When the Eagle Flies na 1974 ya ɗan farfaɗo, saboda Capaldi ya koma kan gangunansa kuma an rage yawan mutane, aka bar su uku da Rosko Gee ɗan Jamaika. “Dream Gerrard” ta isa a sa ta kusa da ayyukansu na 1970 da 1971. Ana cikin aikin wannan faifai aka rabu da Rebop. Daga baya shi da Gee suka shiga ƙungiyar Can ta Jamus a 1977. Ya rasu a Sitokholm a watan Janairu 1983, Wood kuma ya bi shi a watan Yuli na wannan shekara.

A 1994 Winwood da Capaldi sun sake ɗaukar sunan Traffic suka fitar da Far from Home, suka sadaukar da shi ga Wood. An koma tsarin waƙoƙin nan biyu na farkon John Barleycorn: Capaldi yana kan ganguna, Winwood yana kaɗa kusan duk sauran yana ɗora wani a kan wani. Muryarsa tana nan da ƙarfinta, yana kuma barin gurbi a ƙarshen ɗa kamar yadda ya saba tun 1967, sai dai a yawancin waƙoƙin shi ne yake dawowa daga baya ya cike shi da na'ura. Capaldi ya rasu a watan Janairu 2005, ba a kuma sake yin wani sabon faifai na situdiyo da sunan ƙungiyar ba.